Masu Tuna Bara: Yadda Bege Ya Ceci Doctor Who, Kuma Yake Neman Shaƙe Shi

A wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, wasu gwangwanayen fim sun shekara da shekaru a kan kanta, ƙura ta lulluɓe su, babu mai tambayarsu. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda aikinsa ke nan bin tashoshin duniya yana farautar tsofaffin shirye-shiryen da suka ɓace, ya goge ƙurar da ke kan takardar da aka manna musu, sai ya ga an rubuta Doctor Who. A watan Oktoba na 2013 BBC ta sanar da abin da aka samu: kashi 11 na shirin, 9 daga ciki an riga an fitar da rai da su, domin rabon da a gan su a Birtaniya kimanin shekara 45 ke nan. Da tsakar dare aka sake su a intanet, kafin gari ya waye masoya sun yi musu rubdugu.

Wanda bai san shirin ba zai riƙe baki. Fim ne baƙi da fari, an yi shi don yara da kuɗi ƙalilan, dodanninsa na roba da kwali. Me zai hana mai furfura barci a kansa? Amsa mafi sauƙi ita ce a ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da gaskiya a ciki, amma ba ta ɗauke zancen duka ba. Tarihin wannan shiri ya nuna begen masoya ya yi ayyuka biyu masu karo da juna. Muddin yana hannun masu kallo, shi ya tsare abin da masu kayan suka zubar, shi ya riƙe shirin da rai bayan an yi masa sutura. Amma duk sanda ya tsallaka ya shiga ɗakin marubuta, sai labarin ya koma hirar tsofaffin abokai, yaron da ya zo yau kuwa ya rasa ƙofar shiga. A ganina wannan ne babban ciwon da ke damun shirin a 'yan shekarun nan.

Dakta da shuɗin akwatinsa

An fara nuna Doctor Who ranar Asabar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan an harbe shugaban Amurka John F. Kennedy, har sai da BBC ta maimaita kashin farko a mako na gaba. Labarin wani baƙo ne daga wata duniya, ba a san shi da wani suna ba sai Dakta. Yana yawo cikin zamani da sararin samaniya a jirgin da ake kira TARDIS, wanda daga waje ka ce rumfar wayar 'yan sandan Landan ce, ciki kuwa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Sydney Newman, ɗan Kanada da ke shugabantar sashen wasan kwaikwayo, so ya yi a koya wa yara tarihi da kimiyya, ya kuma ja kunne kada a kawo masa dodanni. Bai fi wata guda ba furodusa Verity Lambert ta shigo da Dalek, wasu halittu masu sulken ƙarfe da muryar tsawa, kuma su suka ɗaga shirin sama.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan zance ya faru a 1966. Lafiyar William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, ta gaza ɗaukar aikin. Maimakon a rufe shago, sai marubuta suka ce ai baƙon halitta ne, idan jikinsa ya gaji yana iya sauya wani. Patrick Troughton ya karɓa da sabuwar fuska da sabon hali. Wannan dabara ce ta ba shirin tsawon rai, ita ce kuma ta mai da shi masana'antar kewa, domin duk bayan 'yan shekaru sai an ɗauke wa yara fuskar da suka saba da ita. Shi ya sa a Birtaniya kowane tsara yana da wanda yake kira Daktansa. Idan mutum ya ce nasa Tom Baker ne, mai dogon mayafin wuya da ya riƙe aikin daga 1974 zuwa 1981, ka san shekarunsa ba tare da ka tambaya ba. Haka wanda ya ce David Tennant.

Kuma ba fuskar kaɗai ake kewa ba. Ana kewar yammacin Asabar, da falon gidan iyaye, da kujerar da yaro ke ɓuya a bayanta idan Dalek ya fito, da kiɗan buɗewa mai ban tsoro da Delia Derbyshire ta haɗa da yankakken kaset tun kafin na'urorin kiɗa na zamani su yaɗu. Duk wanda ya taso lokacin da yaran unguwa ke taruwa gidan mai talabijin don kallon Samanja ya san cewa idan an tuna shirin, har da tabarmar da mutanen da aka zauna da su ake tunawa.

Abin da BBC ta zubar, yara suka tsince

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978, BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shiryenta. Ba mugunta ba ce, lissafin kasuwa ne. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamani, mai faɗin inci 2, yana da tsada, don haka sai a goge a sake ɗauka a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri. Zuwan talabijin mai kala ya mai da baƙi da fari kwantai, kuma babu wanda ya hango ranar da mutum zai sayi tsohon shiri ya kalla a gida. Abin da ya rage shi ne kwafin fim mai milimita 16 da ake sayar wa ƙasashen waje, Najeriya na cikinsu. Kwafi ɗaya sai ya yi ta yawo daga tasha zuwa tasha, daga ƙasa zuwa ƙasa, ta ƙarshe ta mayar ko ta lalata. Inda aka yi sakaci da wannan umarni, nan aka yi sa'a. Ko kafin na Jos, an taɓa dawo da wasu sassan shirin daga Najeriya a tsakiyar shekarun 1980, an kuma samo cikakken labarin The Tomb of the Cybermen a Hong Kong a farkon shekarun 1990. Duk da haka, cikin kashi 253 na shekaru shida na farko, sama da 90 har yau babu hotonsu.

Sautinsu kuwa ko ɗaya bai ɓace ba, kuma nan ne hujjar farko da ke bayan masu bege. Wasu yara da samari a shekarun 1960 sun riƙa kara rikoda a jikin talabijin suna ɗaukar muryar shirin kowane mako, don kawai ba sa son ya wuce su. Da waɗannan kaset-kaset ne BBC take haɗa zanen katun a yau don sake gina labaran da ta goge da hannunta, irin su The Power of the Daleks da aka fitar a 2016. A 1978 ma wani masoyi, Ian Levine, yana cikin waɗanda suka tsaya aka daina lalata sauran kwafin, a daidai lokacin da BBC ta naɗa Sue Malden ta kula da abin da za a adana. Babbar ma'aikata mai ƙwararru da kasafin kuɗi ta kasa gane darajar kayanta, yaro mai rikoda ya gane.

Hujja ta biyu ta fi wannan girma. A Disamba 1989 aka nuna kashin ƙarshe na tsohon zubi. Masu kallo sun ragu zuwa kimanin miliyan 4, bayan an ajiye shirin a lokaci ɗaya da Coronation Street, wasan da ya fi kowanne farin jini a tashar hamayya. In ban da fim guda da aka yi da haɗin gwiwar Amurkawa a 1996, sai da aka shekara sama da 15 babu sabon zango. A tsawon wannan lokaci mujallar shirin, wadda aka fara a 1979, ba ta daina fitowa ba. Kamfanin Virgin ya fara buga sababbin labarai a littafi daga 1991, kamfanin Big Finish kuma ya fara wasan kwaikwayo na sauti da tsofaffin 'yan wasan daga 1999. Masoya suka rubuta, masoya suka saya. Cikin marubutan waɗancan littattafai akwai Paul Cornell da Mark Gatiss da Russell T Davies, kuma Davies ne ya dawo da shirin talabijin a 2005. Biyu daga cikin waɗanda suka zama Dakta daga baya, David Tennant da Peter Capaldi, tun suna yara suke mutuwar son shirin. Wanda zai raina bege a wannan fage sai ya fara bayanin yadda shirin zai dawo ba tare da shi ba.

Ƙwaƙwalwa da abin da take gyarawa

Sai dai mai ajiya nagari ba lallai ne ya zama alƙali nagari ba. A 1976 aka nuna labarin The Deadly Assassin, shugaban ƙungiyar masoya shirin da aka kafa a shekarar ya rubuta sharhi mai zafi, yana kukan an ɓata tarihin mutanen Dakta, yana tambayar inda armashin shirin ya tafi. Yau wannan labari yana cikin waɗanda masoya ke kafa hujja da su idan suna yabon zamanin da. Wato a tsakiyar shekarun da ake kira na zinariya ma, akwai masu cewa zinariyar tana baya. John Nathan-Turner, furodusan shekarun 1980, ya sha irin wannan suka har ya zama amsarsa kullum ita ce ƙwaƙwalwa tana yaudara. An zarge shi da fakewa da wannan magana, kuma wani lokaci ya fake ɗin, amma abin da aka tono daga ɗakunan ajiya ya ba shi gaskiya fiye da sau ɗaya.

Lokacin da The Tomb of the Cybermen yake ɓace, ana ba da labarinsa kamar babu na biyunsa. Da ya dawo, aka ga kyawunsa, aka kuma ga abin da ƙwaƙwalwa ta share: wayar da ke ɗaga mutum sama tana bayyane, ga kuma baƙar fata guda da aka ba matsayin bara mai ƙarfi wanda da ƙyar yake buɗe baki. The Enemy of the World, ɗaya daga cikin labarai biyu da aka samo a Jos, akasin haka ya faru da shi. Kashi na uku kaɗai ake da shi a da, wanda yawancinsa hira ce a lunguna da ɗakin girki, don haka aka yanke masa hukuncin labari maras gishiri. Da aka gan shi cikakke, aka ga yadda Troughton ya fito a matsayi biyu, Dakta da azzalumin mai mulki Salamander, sai darajarsa ta tashi sosai a wurin masoyan. An yabi ɗaya fiye da kima, an raina ɗaya ba bisa haƙƙi ba, kuma duk hukuncin biyu an yi su ne da zuciya ɗaya, cikin cikakken yaƙini.

Idan bege ya karɓi alƙalami

A Janairu 1985 aka buɗe sabon zango da Attack of the Cybermen. Don mai kallo ya bi zaren labarin sosai, sai ya san abin da ya faru a wani labari na 1966 da wani na 1967, alhali na biyun a lokacin babu shi ko a ma'ajiyar BBC. An rubuta wa 'yan dubbai masu haddar tarihin shirin, aka bar miliyoyin da suka zo don jin labari. Makonni kaɗan bayan haka aka sanar da dakatar da shirin na wata 18. Ba za a ɗora wa wannan labari laifin shi kaɗai ba, domin shugaban tashar na lokacin, Michael Grade, bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga shirin ba, ga kuma ƙorafin yawan zubar da jini. Amma shiri da ya juya wa sabon mai kallo baya ya rage masu kare shi a ranar da aka zare masa wuƙa.

Davies ya karanta wannan darasi da kyau a 2005. Shi masoyi ne na ƙin ƙarawa, amma ya danne sonsa. Ya fara labarin daga Rose, yarinya mai aikin kanti da ke zaune da mahaifiyarta a gidajen talakawa, wadda ba ta san komai game da Dakta ba, daidai da yaron da ke kallo. Ya share mutanen Dakta gaba ɗaya da labarin wani yaƙi da ya cinye su, ya sauke wa shirin nauyin tarihin shekara 26. Ko sunan duniyarsu, Gallifrey, ba a furta ba sai Kirsimetin 2006. Dalek ɗaya tak ya fara fitowa, shi ma sai a kashi na shida. Mutum sama da miliyan 10 suka kalli kashin farko, kuma daga nan aka samu sabon tsara gaba ɗaya.

Abin takaici shi ne mutumin nan da ya san maganin ne ya dawo a 2023 ya sake shi. An maido Tennant da Catherine Tate, tsohuwar abokiyar tafiyarsa a shirin, don bikin shekara 60, wannan babu laifi, biki ne. Amma sai aka shiga zamanin Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Scotland, da kuɗin Disney, aka ma sake lissafin zango daga na ɗaya don a ce wa baƙi ga ƙofa a buɗe. Da suka shigo me suka tarar? Babban sirrin zangon 2024 shi ne dawowar Sutekh, mugun da aka gani a 1975. Na 2025 kuwa Rani ce ta 1985 da Omega na farkon shekarun 1970. A ƙarshe Gatwa ya sauya jiki bayan zango biyu kacal, fuskar da ta bayyana kuma ta Billie Piper ce, wadda ta fito a matsayin Rose shekara 20 kafin nan. An tsara kowane ɗaya daga cikin waɗannan don ya sa mai kallo ya zabura, amma ba ya zabura sai in ya riga ya san sunan. Yarinya 'yar shekara tara ba ta da dalilin zabura.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce ai dawo da tsofaffin fuskoki ya sha yin nasara, kuma gaskiya ne. Bikin shekara 50 a 2013 an nuna shi lokaci ɗaya a ƙasashe sama da 90, fitowar Tom Baker a ƙarshensa ta sa mutane da yawa hawaye. Amma misalin da ya fi koyarwa shi ne na 2006, sanda Elisabeth Sladen ta dawo a matsayin Sarah Jane Smith, tsohuwar abokiyar tafiyar Dakta, bayan shekaru masu yawa. Labarin bai jingina da sanin ko wace ce ita ba. Mace ce da aka taɓa nuna wa duniyoyi sannan aka ajiye ta a bakin titi ba a waiwayo ba, Rose kuma tana kallonta tana hango makomarta. Yaron da bai taɓa jin sunanta ba ya fahimci wannan ciwo, har ta kai an ba ta nata shirin a tashar yara daga 2007 zuwa rasuwarta a 2011. Ma'aunin ke nan: idan aka cire tsohon suna aka sa sabo, shin labarin zai tsaya da ƙafarsa? Na Sarah Jane zai tsaya. Na Omega ba zai tsaya ba.

Za a kuma ce raguwar masu kallo ba ta da alaƙa da wannan, tunda kowane shiri ya ragu a zamanin kallo ta intanet. Wannan hujja tana da ƙarfi. Alƙaluman daren farko da suka sauko ƙasa da miliyan 2 a wasu makonnin 2025 ba a auna su da na 2005, kamar yadda ba a auna komai da miliyan 16 na 1979, wanda aka samu lokacin da tashar hamayya ke yajin aiki. Amma hujjar tana yanka ta gefe biyu. Idan yaro yana da shirye-shirye dubu a wayarsa, kuma babu sauran al'adar iyali su taru gaban akwati ɗaya ranar Asabar, to buƙatar sauƙaƙa masa shiga ta ƙaru ke nan. A 1975 yaro zai jure abin da bai gane ba don tashoshi uku ne kawai. Yau da yatsa ɗaya zai wuce.

Akwai wani nau'in begen da ya fi ɗaci, na masu cewa an lalata shirin da siyasa tun da aka ba Jodie Whittaker matsayin Dakta a 2017, aka kuma ba Gatwa bayanta. Mutum yana da damar ƙin rubutun wani zamani, kuma akwai rubutu mai rauni a zamanin su biyun. Amma shirin da babu siyasa a cikinsa, wanda suke kewa, ba a taɓa yin sa ba. Lambert tana da shekara 27 ta fara shi, ita kaɗai ce mace cikin furodusoshin sashen, daraktan labarin farko kuma Waris Hussein ne, haifaffen Lucknow a Indiya. An gina Dalek a kan 'yan Nazi. The Green Death na 1973 kamfanin da ke gurɓata muhalli ya sa a gaba, The Happiness Patrol na 1988 kuwa kowa ya gane da Margaret Thatcher yake. Yaro ne bai lura ba a lokacin, don idonsa na kan dodo. Kuma zamanin da ake yabo yana da nasa tabon: The Talons of Weng-Chiang na 1977, wanda masoya ke sawa a sahun gaba, Bature ne aka yi wa kwalliya ya fito a matsayin ɗan China.

Ba wanda ke cewa a kori tsofaffin masoya, kuma ba a taɓa yi musu hidima kamar yanzu ba. Tun 2023 BBC ta zuba kashi sama da 800 a dandalinta na intanet ga masu kallo a Birtaniya, ana gyara tsofaffin zanguna ana fitar da su a faifai, Big Finish na ci gaba da aiki da tsofaffin 'yan wasan. Mai kewar 1975 yana da inda zai je ya same ta. Abin da ba shi da madadi shi ne sabon kashi na mako-mako, domin nan kaɗai ake samun sabon masoyi. Kafin 2025 ta ƙare an tabbatar Disney ta janye daga haɗin gwiwar, nauyin ya koma kan BBC. A shekarar ce kuma BBC ta sanar da shirinta na yin Doctor Who na katun don yaran da ba su kai shiga makaranta ba, a tasharta ta CBeebies. Da wannan mataki ita kanta ta amsa cewa akwai giɓi a ƙasa. Amma katun ɗin zai kawo yaran ne kawai zuwa bakin babban shirin, kuma idan suka iso suka tarar ana jiran su san wane ne Omega, za su juya.